A Wane Shafi?

Na shiga jami'a ina ganin babu abin da ya rage a koya mini game da karatu. Tun ina sakandare nake hayar littattafan Adabin Kasuwar Kano a shagon unguwarmu, in cinye littafi guda tsakanin Magariba da Asuba. Na ɗauka wanda ya fi sauri shi ya fi iyawa. Wannan zato bai rabu da ni ba sai a aji uku, da na faɗa hannun malamar da ke koyar da rubutaccen zube.

Ɗalibai na tsoron kwas ɗinta kamar yadda akuya ke tsoron ruwan sama. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Tambaya ɗaya gare ta: duk abin da ka ce game da littafi, sai ta dube ka ta ce, "A wane shafi?" In ba ka da amsa, maganarka ta faɗi.

Da littattafai biyar na gasar 1933 muka fara, waɗanda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Idon Matambayi, Jiki Magayi da Shaihu Umar. Jingar farko a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ba mu. Na zauna dare ɗaya na cika shafi shida. Na ce jigon littafin haƙuri ne, na kawo yadda aka sace Umar yana yaro, aka ƙetare hamada da shi, ya yi karatu, ya dawo babban malami a Rauta. Na rufe da cewa mahaƙurci mawadaci.

Takardar ta dawo da maki shida cikin ashirin. A ƙasa, da jan biro, ta rubuta: "Ka ba ni labarin, ba ka karanta shi ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya kama ni, domin faɗuwa a kwas ɗin na iya jawo mini ƙarin shekara, mu kuwa a gidanmu kuɗin shekara ɗaya ma da ƙyar ake haɗa shi. Na same ta a ofis na ce, "Malama, ina na kuskure?"

Ta ce, "Ɗana, mahaifiyar Umar fa? A shafi shidanka sau nawa ka ambace ta?"

Na duba. Sau ɗaya, a rabin jimla.

Na koma ɗaki na sake buɗe littafin, wannan karon da fensir a hannu. Littafin da na gama cikin awa biyu ya ɗauke ni kwana tara. Sai ga wata mata da ban taɓa lura da ita ba: ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka kai ta arewacin hamada, ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Umar ne ke ba ɗalibansa labarin cikin natsuwar malamai, kuma natsuwar nan ce ta ruɗe ni, na bi muryarsa na tsallake wahalarta. Haƙurin da na yaba yana nan, amma ban tambayi wanda ya fi ɗanɗana ɗacinsa ba.

Daga nan karatuna ya sauya. Na koyi tambayar wa ke magana, wa aka hana magana, me ya sa marubuci ya gaggauta a nan ya yi jinkiri a can. Rubutuna ma ya rage ado. Na daina jera karin magana don rufe ramin da babu hujja a cikinsa.

A ƙarshen zango ta ce kowa ya rubuta tarihin karatunsa. Na rubuta yadda na yi fama, na kwana a aji, na jure yunwa. Da na zo bita, sai tambayar Malama ta faɗo mini. Na ƙirga: Inna ta fito sau ɗaya, a wajen godiya. Ita kuwa shekara uku ke nan tana ɗinkin hula har idonta ya fara raunana, tana zuba adashi don kuɗin rajistata. Na maimaita laifin nan a kan tawa uwar.

Na yage takardar. Da hutu ya zo na zauna kusa da ita na ce, "Inna, hula nawa kike ɗinkawa kafin kuɗin makarantata ya cika?" Ta yi dariya ta ce ba ta taɓa ƙirgawa ba. Muka ƙirga tare, ita tana tunowa, ni ina rubutawa.

Na ci kwas ɗin da maki mai matsakaicin daraja, kuma a duk sakamakona babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Na gama digiri bara. Har yau in na rubuta jimlar da ta yi mini daɗi fiye da kima, nakan ji muryar Malama tana neman shafi, sai in koma in duba wanda na bari a baya.