Allon Mai Hoto

Kowace ranar Talata, tun da hantsi, mutanen Bakura da na Maradun da na ƙauyukan da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Bakolori sukan kwararo kasuwar Talata Mafara. Cikinsu akwai mai bukatar hoton fasfo domin neman makaranta, akwai wanda zai aurar da 'yarsa bayan kaka yana neman wanda zai ɗauki hoton biki. Yawancinsu ba su san sunan mai hoto ko ɗaya a garin ba. Abin da zai shigar da su wannan shago ya hana su shiga wancan shi ne allon da aka kafa a ƙofa. Ga shi kuwa yanzu kusan kowane saurayi yana da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa, saboda haka mai hoton da allonsa bai kira mutane ba, sai ya wuni yana korar ƙuda.

Babban laifin allunan nan shi ne haɗama. Mai shago yakan je wurin masu buga talla da inji, ya ce a zuba masa hotuna goma sha biyar, da furanni, da jirgin sama, da lambar waya uku, da rubutu launi biyar. Da ya biya kuɗi, sai ya ga kamar duk inda aka bari fili an cuce shi. To, amma wanda ke bisa babur kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato kallo ɗaya zai yi wa allon ya wuce, kuma kallo ɗaya abu ɗaya yake ɗauka. Abin mamaki, mai hoto ya fi kowa sanin wannan, gama in zai ɗauki mutum yakan rataya zane a bayansa don ya kawar da tarkace, fuska ta fito sosai. Da zai yi wa allonsa irin wannan adalci, da ya zaɓi hoto guda mafi kyau, ya girmama shi, ya sa sunan shagon da manyan baƙaƙe, ya bar sauran wurin ya sha iska.

Launi kuma sai an yi shawara da rana da ƙurar hunturu. Ja shi ne ke fara koɗewa, sai a wayi gari fuskokin da ke kan allon sun koma shuɗi-shuɗi kamar na marasa lafiya. Baƙin rubutu bisa fari ko bisa rawaya ya fi jimiri, an kuma fi hango shi daga nesa.

Batun harshe ya fi waɗannan duka nauyi. Da yawa sukan rubuta allonsu da Turanci zalla, wai don a ce sun waye, alhali mai kawo kuɗin Bahaushe ne. In an rubuta da Hausa kuwa, lalle a kula da ƙugiyar baƙaƙen nan uku, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna cikin rubutun boko tun wajen zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939. Wanda ya yar da ƙugiya ya rubuta yana ɗaukar hoto "baki da fari" ya ba 'yan makaranta abin dariya. Layi guda na ajami a ƙasa ba zai ci wuri ba, ga shi kuwa dattijon da bai shiga boko ba zai karanta shi kamar yadda yake karanta ajamin da ke jikin takardar naira dubu.

Sa'an nan hoton da aka girmama ɗin, na wane ne? Waɗansu sukan kwaso fuskokin 'yan wasan Indiya ko na Kano daga intanet su manna. Wannan ha'inci ne, mai saye kuwa yakan gane ranar da ya karɓi nasa hoton. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kafa hoton amarya bakin titi ba da yardarta da ta mijinta ba. A ƙasar Zamfara, inda ake tsare mutuncin matan aure ƙwarai, hoto guda irin wannan ya isa ya hana dukan dangi sake taka shagon. Hoton yaro cikin kayan Sallah, ko na mahayi bisa dokinsa, in an nemi izini, ya wadatar.

Saura hatimin da ake bugawa a bayan hoto, wanda ba a cika kula da shi ba. Ya kamata sunan da ke jikinsa da fasalin baƙaƙensa su zama daidai da na allon, da na ambulan, da na kalandar da ake rabawa farkon shekara. Allo yana tsaye wuri guda a Mafara, amma hoton yakan tafi Bakura ya shekara ashirin cikin akwati, ranar da za a aurar da ƙanwar amaryar a juya bayansa a nemi sunan wanda ya ɗauka.